Harsuna Huɗu a Baki Ba Su Isa Ba: Nasiha ga Ɗaliban Amriguebe

Ƙannena maza da mata na unguwar Amriguebe, waɗanda suka ci jarrabawar bak bana da masu jiran baɗi:

A cikinku akwai wanda sunansa zai fito a sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Njamena alhali shari'a ya nema, ko tattalin arziki. Akwai kuma wadda da kanta ta zaɓi fannin, amma ta rasa ta cewa ranar da Baba ya tambaye ta, "To in kin gama, aikin me za ki yi?" Da ku duka nake magana. Ba zan ɓoye ra'ayina ba: a ƙasa irin Chadi, kaɗan ne fannonin da suka kai wannan amfani. Haka kuma kaɗan ne fannonin da ɗalibi zai shafe shekara uku a ciki ya fito hannu wofi cikin sauƙi kamar wannan. Abin da ke raba ɗalibin farko da na biyu shi ne yadda ya kama karatun tun watan farko.

Ilimin harshe shi ne nazarin yadda harshe yake: sautukansa, yadda yake gina kalma, yadda yake jera jumla, yadda ma'ana ke fita. Ilimin harshe a aikace kuwa shi ne ɗaukar wannan sani a kai shi inda mutane ke cikin matsala saboda harshe, aji ne, ko asibiti, ko kotu, ko gidan rediyo. Fannin ba tsoho ba ne. Mujallar da ta fara ɗaukar sunansa a Jami'ar Michigan ta Amurka ta fito a 1948, aka buɗe masa makaranta a Edinburgh a 1957, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a garin Nancy na Faransa a 1964. A yankinmu, cibiyar da aka buɗe a Dakar a 1963 ita ce ta yi suna, kuma babban aikin da aka san ta da shi shi ne tsara hanyar koyar da Faransanci a makarantun firamare na Senegal. Ku lura da wannan. Fannin ya iso Afirka ne da farko don ya yi wa harsunan Turai hidima. Kayan aikin nasa ba su da laifi, masu kyau ne, sai dai ya rage gare ku ku juya su wajen buƙatar mutanenku.

Kuna da jarin da ɗalibin Paris ko Landan ba shi da shi. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a Amriguebe yakan yi Hausa da Inna a tsakar gida, ya fita ƙofar gida ya koma Larabcin Chadi da abokan wasa da mai babur ɗin kilando, ya shiga aji a yi masa Faransanci, da yamma ya zauna gaban malam da Larabcin littafi. Wani ma ya tsinci Kanuri ko Goranci ko Ngambay daga maƙwabta ba tare da ya san ranar da ya koya ba. Haka kakanninmu suka zauna a wannan gari na Njamena tun yana Fort-Lamy: mahajjata da fatake da malamai da suka tsaya a hanyar gabas, wasu don guzuri ya ƙare, wasu don kasuwa ta karɓe su. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya rubuta littafi guda a kan Hausawan Chadi a 1976. Harshe na cikin abin da suka ci abinci da shi.

To amma iya magana daban, sanin harshe daban. Nan ne mafi yawan ɗalibanmu ke ruɗin kansu. Gwada kanka yau. Ɗauki takarda ka rubuta wa kawunka wasiƙa shafi ɗaya da Hausa, ka raba kalmomi inda ake rabawa, ka sa ƙugiya a inda take. Sannan ka bayyana wa wanda ba Bahaushe ba dalilin da ya sa muke cewa "sun zo" a wani wuri, "suka zo" a wani wuri, da dalilin da ya sa gidan Audu ya ɗauki "n" motar Audu ta ɗauki "r". Idan ka kasa, ba abin kunya ba ne, ba a taɓa koya maka ba. Amma ka sani cewa har yanzu mai magana ne kai, ba masani ba, kuma ba wanda zai biya ka don abin da kowane yaro a Kasuwar Dembe ya iya.

Shi ya sa nake roƙonku kada ku raina darussan shekarar farko. Ilimin furuci, da tsarin sauti, da ginin kalma, da ginin jumla su ne ɗalibai ke gudu, suna cewa bushewa gare su. Za a sa ku haddace alamomin rubuta sauti na duniya, a sa ku saurari kalma ku rubuta ta yadda ta fita daga baki, da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Bahaushe ya san garin da ake zama a cikinsa ba shi ne garin da ake tuƙa tuwo da shi ba, ko da yake a boko rubutunsu ɗaya. Kunnenka ya san bambancin tun kana goye. Karatun zai koya wa hannunka ya rubuta shi, ya kuma koya maka ka ji irinsa a harshen da ba ka taɓa ji ba.

Ga amfanin abin a aji. Malami ya ce wa yaro Bahaushe ya faɗi kalmar Faransanci mai "p", yaro ya fito da "f". Ya ce "v", yaro ya ce "b". Ya ce rana namiji ce a Faransanci, wata kuma mace, yaro ya juya su, domin a Hausa rana mace ce, wata namiji. Malamin da bai san tsarin harshen yaron ba sai ya ce daƙiƙi ne, wani har ya ɗauko bulala. Malamin da ya sani kuwa tun kafin ya shiga aji ya san inda za a yi tuntuɓe, ya tanadi kalmomi bibbiyu masu bambancin sauti ɗaya, ya horar da kunne kafin ya tilasta baki. Wannan ita ce hanyar kwatanta harsuna da Robert Lado ya shimfiɗa a 1957. Bayan shekara goma Pit Corder ya ƙara wani abu da nake so ku riƙe da kyau: ba kowane kuskure ne ke fitowa daga harshen uwa ba, kuma kuskuren mai koyo shaida ce ta inda ya kai a koyonsa, abin nazari ne ga malami. Malami ɗaya da ya fahimci wannan zai ceci yara da yawa daga barin makaranta.

Bari in daɗe a kan makaranta, don nan ne ciwon yake. Tsarin mulkin ƙasarmu ya ɗauki Faransanci da Larabci a matsayin harsunan hukuma, alhali harsunan da ake magana da su a Chadi sun haura 120. Mafi yawan yara suna shiga ajin farko (CP1) ne a fara koya musu karatu da harshen da ba su taɓa yin hira da shi ba. Ana neman su koyi abu biyu masu wuya a lokaci guda, sabon harshe da dabarar haɗa baƙi da wasali. Wanda aka kai makarantar Larabci ma bai tsira sarai ba, domin Larabcin da ake ciniki da shi a kasuwa ba shi ne na littafi ba. Sun bambanta a sauti, da nahawu, da kalmomi. Charles Ferguson ya bayyana irin wannan zama na harshe mai hawa biyu tun 1959, kuma Larabci na cikin misalansa.

An gwada wata hanya, ba a nesa da mu ba. A Ile-Ife ta Najeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Ingilishi yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. A gwajin PASEC na 2014 da aka yi wa 'yan firamare, wanda ya haɗa ƙasashe goma ciki har da Chadi da Nijar, yaran Burundi, waɗanda ke fara karatu da Kirundi, su ne suka yi fice a ajin farko-farko. Hujjojin suna da ƙarfi, ni kuwa na gamsu da su.

Sai dai kada ku fito daga jami'a kuna maimaita "a koyar da harshen uwa" kamar kun gama magana. Uban da ya ce shi Faransanci ya kai ɗansa ya koya ba jahili ba ne. Ya ga cewa takardar neman aiki, da jarrabawa, da hukuncin kotu duk da Faransanci ko Larabci ake rubuta su, yana tsoron a rufe wa ɗansa ƙofa da sunan gata. Dole ku iya ba shi amsa mai gamsarwa: a wane aji za a shigo da Faransanci, awa nawa a mako, da wane littafi, wa zai horar da malamin. Ga kuma tambayar da ta fi wuya, wadda ke nan unguwarku. A ƙauyen da kowa ke jin harshe ɗaya abin da sauƙi. A aji ɗaya na Amriguebe kuwa za ka tarar da ɗan Hausa, da ɗan Kanembu, da ɗan Wadai, da ɗan Sara, da ɗan Hajarai. Harshen uwar wa za a ɗauka? Wani zai ce Larabcin Chadi, tunda shi ne ya haɗa su a filin ƙwallo. Wani uban daga kudu zai ce bai yarda ba, kuma tarihin ƙasar nan ya ba shi dalilin yin taka-tsantsan. Ba a warware irin wannan da zafin kai. Ana warware shi da zuwa ajin, a ƙirga yaran, a gwada wane harshe kowanne ke ji da gaske, a zauna da iyaye a saurare su. Wannan shi ne aikin da ake horar da ku dominsa, kuma ba a samun amsarsa a littafin da aka rubuta a Turai.

Dubi Nijar. A 2025 hukumomin ƙasar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ayyanawa aikin rana ɗaya ne. Amma kafin alƙali ya rubuta hukunci da Hausa, kafin malamin lissafi ya koyar da ita a sakandare, sai an samu masu ƙirƙiro kalmomin fannu, da masu rubuta littattafai, da masu daidaita rubutu. Hausar boko da kuke gani a jarida ba daga sama ta faɗo ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, da aikin Rupert East da Abubakar Imam a Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, su ne suka kawo ta inda take. Mutane ne suka zauna suka yi ta gardama a kan inda za a raba kalma. Mu ma a Chadi an amince da abajadin ƙasa a 2009, mai fuska biyu, ta boko da ta haruffan Larabci. Abajadi kuwa ba ya karanta kansa, sai an rubuta abin karantawa da shi.

Akwai wani abin da ya kamata ya sa ɗan Hausa na Chadi ya ɗaga kai. Dangin harsunan da Hausa ta fito daga ciki sunan Tabkin Chadi suka ɗauka. Joseph Greenberg ne ya tabbatar da matsayinsu cikin babban gidan da ya haɗa da Larabci da harshen Buzaye, Paul Newman kuma ya kasa su reshe huɗu a 1977. Biyu daga cikin rassan, na gabas da na Masa, cibiyarsu tana cikin ƙasar nan. Masa, da Musey, da Kera, da Dangaleat, da Mubi, da Buduma na tsibiran tabki, da harsunan Kotoko na bakin kogi, duk 'yan'uwan Hausa ne na nesa. Mu mun ce huɗu, Musgum ya ce puɗu, Masa ya ce fiɗi. Farfesa Khalil Alio, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Njamena, a kan Bidiya ta yankin Gera ya yi bincikensa, suka fitar da ƙamus ɗinta shi da Herrmann Jungraithmayr a 1989. Larabcin Chadi, wanda miliyoyi ke magana da shi, babban ƙamus ɗinsa da Faransanci na Patrice Jullien de Pommerol sai a 1999 ya fito. Daidaitacciyar Hausa kuwa a kan karin Kano aka gina ta. Hausar da iyayenku ke yi a Njamena, da kalmomin da ta aro daga Larabci da Faransanci da Kanuri, da abin da yara ke zubarwa daga cikinta, tana jiran wanda zai zauna ya rubuta ta da kunnen ɗan gida.

Sai tafinta. Mutane na ɗauka duk mai harshe biyu tafinta ne, kuma wannan zato yana cutar da bayin Allah kullum ba tare da an sani ba. Tun da aka kai hari Baga a farkon 2015 dubban 'yan Najeriya masu jin Hausa da Kanuri suka tsallako yankin Baga Sola. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 dubban ɗaruruwa suka shigo ta Adre, da yawansu Masalit. Likita da ma'aikacin agaji da mai rajista duk ta bakin wani suke jin waɗannan mutane. A shari'ar Hissène Habré da aka yi a Dakar, wadda aka yanke hukuncinta ranar 30 ga Mayu 2016, akwai shaidun da ta bakin tafinta alƙalai suka ji abin da aka yi musu. Tafinta amana ce mai nauyi. Ba ka ƙari, ba ka ragi, ba ka gyara maganar talaka don ta yi daɗin ji, ba ka sassauta maganar likita don tausayi har ma'anarta ta ɓace. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, a maimaita. Abin da ka ji a ɗakin kuma a ɗakin zai tsaya.

Ke ƙanwata, wannan wuri naki ne musamman. Akwai abin da mace ba za ta taɓa faɗa wa likita ba in namiji ne ke fassarawa, balle a ce ɗan unguwarsu ne ko ɗan cikinta. Sai ta ce ciwon ciki kawai, a ba ta maganin da ba nata ba. Mace ɗaya mai horo, mai riƙon sirri, wadda ta san sunayen cututtuka da gaɓoɓin jiki a harsuna uku, tana iya zama dalilin da wata uwa za ta rayu. Kada kowa ya ce miki karatun nan na zaman banza ne.

Maganar na'ura gajeriya ce. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, matasan Afirka kuma sun kafa ƙungiyar Masakhane don harsunansu su shiga kwamfuta. Mafi yawan harsunan Chadi ba su shiga ba, don ba a tara rubutunsu da muryoyinsu ba. Ku koyi Praat na awon sauti da FLEx na haɗa ƙamus. Kyauta ake sauke su. Ku koyi Ingilishi kuma da gaske, domin mafi yawan abin da aka rubuta a kan Hausa da danginta da shi aka rubuta, kuma jami'o'in Maiduguri da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sun fi Faransa kusa da ku.

Yanzu gaskiyar da ba ta da daɗi. Tukura, inda harabar jami'ar take, da nisa daga Amriguebe, sai an tsallake kogi, kuma motar ɗalibai ba kullum take wadatarwa ba. An soke alawus ɗin ɗalibai a 2016. Digirin lisans shekara uku ne a takarda, amma yajin aiki kan ja shi ya wuce haka. Bayan an gama kuma, kun san yayyenku nawa ke zaune da takardunsu suna jiran a ɗauke su aikin gwamnati. Wanda ya shiga wannan fanni yana jiran takardar kaɗai ta ba shi aiki, zai daɗe yana jira. Wanda ake nema shi ne wanda zai iya ajiye wani abu a kan tebur ya ce ni na yi wannan: ɗan littafin koyon karatu, ko jerin kalmomin asibiti da aka gwada a bakin marasa lafiya aka ga sun gane, ko shirin rediyo da aka fassara, ko ajin yaƙi da jahilci da ya koyar a unguwa. Saboda haka ku haɗa fannin da wata sana'a ta biyu, koyarwa ce, ko aikin jarida, ko kwamfuta, ko sanin makamar aikin lafiya ko na shari'a. Ku nemi masu aikin harsuna a ma'aikatar ilimi da SIL da ƙungiyoyin raya harsunan Gera da ke Mongo, ku miƙa kanku ko da ba za a biya ku ba a farko. Ku saba da ɗakin karatu na CEFOD, kada ku tsaya ga takardun da malami ya raba.

Abin da nake so kowannenku ya fara tun zangon farko shi ne wannan. Zaɓi matsala ɗaya tak, ƙarama, wadda ƙafarka za ta iya kai ka wurinta. Misali, yadda yaran CP2 na makaranta ɗaya ke rubuta sautukan Faransanci, ko kalmomin da mahauta ke amfani da su, ko harshen da ake sauyawa zuwa gare shi in ciniki ya yi zafi a Kasuwar Gero, ko tatsuniyoyin da Kaka ta sani waɗanda jikokinta ba su iya ba. Sayi littafin rubutu na musamman domin wannan. Kowane abu ka rubuta, sa rana, da wuri, da shekarun mai maganar, da harsunan da yake ji. Kada ka ɗauki muryar kowa a waya sai ka nemi izininsa, ka gaya masa abin da za ka yi da ita. In dattijo ne ka je da wanda yake jin nauyinsa, ka gaishe shi yadda ya kamata, in ya ce a'a ka yi godiya ka tashi. Rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, ko da a ganinka ba daidai ba ne, don kai mai nazari ne a wurin, ba mai gyara ba. Ajiye kwafi biyu a wuri biyu, waya tana ɓata, damina kuma tana shiga ɗaki. Duk darasin da aka yi muku a Tukura, ka dawo gida ka gwada shi a kan abin da ka tara, ka kai wa malaminka inda ka'idar ta ƙi zama, ku duba tare.